Zama goma na yi ana tsira min allurar Chaina saboda ciwon kwankwaso

Allura goma sha huɗu na ƙirga a kan tire kafin in kifa fuskata cikin ɗan ramin da ke jikin gadon, daga nan ban sake ganin komai ba sai tayil da takalmin matar da za ta tsira min su. Ni fa mutum ne da ko allurar zazzaɓi sai an lallaɓa ni, amma ciwon kwankwaso in ya kai ka bango wallahi babu abin da ba za ka miƙa wa bayanka ba.

Nawa ya kai shekara biyu da rabi a lokacin. Wani kwali na sunkuya zan ɗauka, ko nauyin kirki ba shi da shi, sai na ji ƙas a ƙugu, shi ke nan. Ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo, har ya samu wurin zama. Da safe sai na mirgina gefe na dafa gado kafin in miƙe, sa safa ya zama aiki, zaman ofis na awa ɗaya sai in tashi a karkace kamar tsoho. Na je asibiti an yi hoton ƙashi an yi MRI, likita ya tambaye ni ko fitsari yana kufce min, ko ina jin tsakanin cinyoyina ya mutu, ko ƙafa tana rasa ƙarfi, ko ina zazzaɓi ko ramewa ba dalili, duk nace a'a. Yace to alhamdulillahi ba irin na gaggawa ba ne, nawa irin wanda kusan mutum tara cikin goma masu ciwon baya ke da shi ne, wanda ba a iya nuna wuri guda a ce ga abin da ya lalace. Aka ba ni ƙwayoyin kashe ciwo, na sha har cikina ya fara zafi, aka ce in tsaya kafin in jawo wa kaina olsa.

Wani abokin aikina ne ya kawo maganar akufanca, wato allurar Chaina, yace ita ta taimaki wuyansa. Kafin in je sai na kira ƙanwata, ita fisiyo ce, wato mai aikin gashi da motsa jiki a asibiti, kuma irin mutanen nan ne da ba sa yarda da komai sai sun ga lamba.

Tace "Yaya ni ba zan hana ka ba, amma sharaɗi biyu. Na farko ka samu littafi, kullum da safe ka rubuta ƙarfin ciwon daga sifili zuwa goma, ka yi sati biyu kana rubutawa kafin ka fara zuwa. Na biyu zan turo maka wani bincike ka karanta, kar ka tafi da ka."

Binciken da ta turo na Jamus ne, ana ce masa GERAC, ya fito a 2007. Mutum 1162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba gida uku. Kashi na farko aka yi musu allurar gaske a wuraren da likitancin gargajiyar Chaina ya tsara. Kashi na biyu aka yi musu ta bogi, wato a ɗan soka sama-sama a wuraren da ba su ne wuraren allura ba. Kashi na uku aka ba su abin da aka saba, magani da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a kashin allurar gaske kashi 47.6 cikin 100 ne, na bogi 44.2, na maganin da aka saba kuwa 27.4. Sai da na karanta lambobin nan sau uku don na ɗauka idona ne. Allura ta kusa ninka maganin asibiti, to amma ta bogin ma ta kusa ninka shi, tsakanin ta gaske da ta ƙarya tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Na kira ta nace to me kenan, tana aiki ko ba ta yi? Ta yi dariya tace ai tambayar da masana ke ta faɗa a kai ke nan, kuma in lura mutanen da ke kashi na uku yawanci sun shekara da shekaru suna shan irin maganin nan bai yi musu ba, ka ga wanda ya zo da sa ran sabon abu aka ce ya koma kan tsohon, ai da sanyin gwiwa zai koma. Duk da haka Jamusawa a kan irin waɗannan bincike suka sa inshorar lafiyarsu ta fara biyan kuɗin allura ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa.

Sati biyun nan na yi ina rubutawa, lambata tana yawo tsakanin 6 da 7, rana ɗaya 8. Sannan na je.

Zaman farko rabinsa tambayoyi ne. Ya barcina, ya bayan gida, ciwon ya fi tashi da sanyi ko da zafi, ina jin sauƙi in na sa abu mai ɗumi? Matar mai allurar ta ce in fito da harshe ta duba, ta kama wuyan hannuna na dama da na hagu da yatsu uku-uku tana sauraron bugun jini shiru kamar mai sauraron rediyo. Daga ƙarshe tace nawa ciwon sanyi da danshi ne tare da raunin ƙoda. Gabana ya faɗi, nace likita ƙodata kuma? Tace in kwantar da hankali, ƙoda a yarensu daban take da ƙodar da ake gwadawa a lab, suna ne na wani tsari a fahimtarsu ta jiki. Na dai yi shiru, amma a raina nace da ba ta yi bayani ba da gobe ina layin gwajin jini.

Alluran sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai fi kwatan milimita ba, ba su da rami a ciki irin na sirinji, kuma a gabana ta yage su daga leda, amfani ɗaya a jefar. Wannan ƙanwata ta ja min kunne a kai, tace in na ga an ciro allura daga kwalba ko an ce an dafa ta in sa takalmina in fito, saboda ciwon hanta. Ana ɗora wani ɗan bututun roba a fata, a ɗan buga kan allurar da yatsa, ta shige. Shigar ba zafi, cizon sauro ma ya fi ta. Inda labari yake shi ne in ta fara murza ta, sai ka ji wani nauyi mai tsami yana bazuwa a cikin naman, ba zafi ba kuma ba daɗi ba, su suna ce masa "de ci" kuma shi suke nema. Ta sa biyu-biyu a gefe da gefen ƙashin baya daidai ƙugu, wurin da suke kira Shenshu da wani a ƙasansa Dachangshu, ta sa a ɗuwawu, sannan abin mamaki ta sa a bayan gwiwa, cikin lanƙwasar nan. Nace likita ai gwiwata lafiyarta ƙalau. Tace wurin sunansa Weizhong, kuma tun a aji ake haddace musu cewa ciwon baya a neme shi a nan. Ta bayan gwiwar nan ita ce ta sa na yi ƙara, kamar lantarki ya ja ni har dunduniya.

Bayan ta gama sai na ji ƙyastin layita, sai wari. Moksa ke nan. Ganye ne dangin tazargade, ana busar da shi a daka har ya yi laushi kamar auduga, a naɗe shi ya zama sanda mai kauri irin sigarin attajirai. Ta kunna bakin ta riƙe shi kusa da fatata, tazarar kamar yatsa biyu, tana zagayawa a hankali, in na ce ya yi zafi ta ɗaga. A wasu zaman kuma ɗan guntu take maƙalawa a kan allurar ta kunna, ɗumin ya bi ƙarfen ya sauka ciki. A Chaina ma kalma ɗaya ce ta haɗa su, zhenjiu, allura da ƙuna, kuma da alama ƙunar ta girmi allurar, don rubuce-rubucen da aka tono a kabarin Mawangdui wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa suna maganar gasa jiki da ganye ba su ambaci allura ba. Wani ɗan jaridar Amurka James Reston da aka yi wa aikin afendis a Beijing a 1971, aka tsira masa allura aka ƙona masa ganyen nan saboda ciwon ciki bayan aiki, ya rubuta labarin a New York Times, shi ma da guntun sigari ya kwatanta shi. Labarin nasa na cikin abin da ya sa Amurkawa suka fara rububin abin.

Gaskiya ɗumin nan akwai daɗi. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Da ta cire alluran na tashi jikina sakayau, na sunkuya na sa takalmi ban dafa komai ba, a mota har ina cewa a raina yau ƙanwata za ta ji kunya. Washegari da safe na rubuta 6.

Sau biyu a sati nake zuwa. Wajen zama na uku lamba ta fara sauka 5, sai ƙanwata ta turo min bincike na biyu, wanda ya fi na farko ɓata min rai. Na Amurka ne, 2009, wani Daniel Cherkin da abokan aikinsa, mutum 638. Su gida huɗu suka raba: waɗanda aka zaɓa musu wuraren allura daidai da ciwonsu, waɗanda aka yi wa tsari guda na kowa da kowa, waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, sai kuma wani kashi da ko fatarsu ba a huda ba, tsinken sakace aka sa cikin bututun ana ɗan danna musu suna kwance rub da ciki ba sa gani. Tsinken sakace fa! Zama goma cikin sati bakwai. A sati na takwas, a ma'aunin yadda ciwo ke hana mutum harkokinsa, kashi ukun nan suka samu sauƙin maki 4.4 da 4.5 da 4.4, masu kulawar da aka saba 2.1. Wato tsinke ya yi kunnen doki da allura.

Ban iya haƙuri ba, a zama na huɗu ina kife nace likita, na karanta wai tsinken sakace ma yana yin abin da allurarki ke yi. Na zaci za ta ji haushi, sai tace ta san binciken, kuma ai tsinken ma danna wurin yake yi yana taɓa jijiya, don haka ba za a kira shi ba komai ba. Wannan amsar ba ita kaɗai ke ba da ita ba, masu kare akufanca da yawa haka suke cewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya, ƙwayar magani ta bogi ba ta yin komai a jiki amma tsinke ana jin sa. Sai dai ni inda na tsaya, in har ko'ina ka soka, ko ma ba ka soka ba, sakamako ɗaya ne, to taswirar nan ta wurare 361 da hanyoyin da aka ce ƙarfin rai na bi, da duban harshe da zaɓen wuri na musamman don ni, ina amfaninsu? Ban faɗa mata wannan ba, mutum da allura goma sha huɗu a bayansa ba ya gardama.

Don adalci, akwai babban lissafi da ya fi waɗannan biyun faɗi. Andrew Vickers da tawagarsa sun tattara bayanan mutum ɗaya-ɗaya daga gwaji 39, mutum 20,827, masu ciwon baya da wuya da gwiwa da kafaɗa da ciwon kai, suka fitar a 2018. Sun samu allurar gaske ta ɗan fi ta bogi, fifiko na gaske amma ƙarami, sannan ta fi rashin yin allura da tazara mai ɗan kauri, kuma sauƙin bai gudu da wuri ba, bayan shekara kusan kashi 15 cikin 100 kawai ya ragu. Ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya kuma da ta duba na ciwon baya kaɗai a 2020, gwaji 33, cewa ta yi bambancin da ke tsakanin ta gaske da ta bogi bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba, amma ta fi zama ba magani. Kusan abu ɗaya suke faɗa, kowa da inda ya ɗora nauyi. Ta ɓangaren yadda take aiki kuma, an nuna soka allura na sa jiki ya saki sinadaransa na kashe ciwo irin su endofin, a 2010 ma an gwada a ɓeraye aka ga wani sinadari adenosin yana ƙaruwa a inda aka soka. Ka haɗa da kwanciya shiru ta rabin awa, da hannun mutum a bayanka, da wani ya zauna ya saurare ka, da sa rai. Duk suna cikin kunshin.

Moksa ita ce na nemi hujjarta na ga abin ba kauri. Binciken da ake da su a kan ciwon baya ƙanana ne, yawancinsu daga Chaina, kuma akasari suna cewa ta yi aiki, to amma ta yaya za ka yi wa mutum gashin bogi bai gane ba, ga zafi ga hayaƙi ga wari? In mara lafiya ya san me aka yi masa, mai yi ma ya sani, sakamakon sai a riƙe shi da hannu biyu. Ga kuma wani abu da ƙanwata ta nuna min, tun 1998 shi Vickers ɗin da wasu suka duba gwaje-gwajen akufanca ƙasa-ƙasa, suka tarar duk waɗanda suka fito daga Chaina da Japan da Hong Kong da Taiwan cewa suka yi ta yi aiki, babu ko ɗaya da ya ce a'a. Maganin da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ni kam sai in fara zargin mai makin. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne ɗumi kansa yana rage ciwon baya na ɗan lokaci, ko daga ina ya fito, robar ruwan zafi ma ta isa.

A zama na shida toka mai wuta ta faɗo min a ƙugu daga guntun da ke kan allura. Na zabura, ta kakkaɓe da sauri tana ba ni haƙuri, ya ɗan yi bororo kamar ƙwayar ido, sati ɗaya ya warke ya bar tabo. Daga ranar take shimfiɗa ɗan kwali a ƙarƙashi, wanda tun farko ya kamata ta yi. Sai na gane dalilin da ya sa ake gargaɗin masu ciwon suga da jijiyoyinsu suka mutu, don ba za su ji zafin ba sai sun ƙone, haka masu asma saboda hayaƙin. Ni kaina rigunan da nake zuwa da su sai da na ware su daban, matata tace warin ya cika ɗaki. Allurar kuma sau biyu ta bar min ɗan taruwar jini a ɗuwawu. A wani babban bibiya da aka yi a Jamus na mutum 229,230, kashi 8.6 cikin 100 sun samu wata matsala, mafi yawa irin tawa ce ɗan jini ko kumburi, mutum biyu ne allura ta taɓa musu huhu. Kaɗan ne ƙwarai amma yana faruwa, shi ya sa bayan sama da ƙirji ba wurin ɗan koyo ba ne.

Hukumomi ma kansu a rabe yake, abin har dariya. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila a 2009 ta ce a yi wa masu ciwon baya allura, a 2016 ta dawo ta ce kar a yi, don ba ta fi ta bogi ba. Shekara ɗaya bayan haka, 2017, ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya. A 2020 Medicare, inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ta fara biyan zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 in an ga sauƙi, in ba a gani ba a tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarshen 2023 ta sa ta cikin abin da za a iya bayarwa tare da sauran kulawa, tana mai cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai, kuma a takardar ce ta ce a bar ɗamarar baya da jan ƙashi da ƙwayoyi masu sa maye dangin mofin. Ɗamarar nan ina da ita har biyu a durowa. Kusan takardu ɗaya suka karanta dukkansu, bambancin tambayar da kowa ya yi ne, Ingila ta tambaya ko ta fi bogi, Amurka ta tambaya ko ta fi abin da mutum zai samu in ba a yi ba, a ƙasar da ƙwayoyin kashe ciwo suka hallaka mutane masu yawan gaske.

Zama na goma ya cika a sati na biyar. Littafina a satin ƙarshe 4, 3, 4, 4, 3, 5, 3. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata da alamar dariya. Ta kira tace "Yaya na yi murna wallahi, amma ka tuna yaushe ka je? Lokacin da ciwon ya fi tsanani. Shi kuma dama hawa da sauka yake, duk wanda ya nemi magani a ƙololuwa, ko ruwa aka shafa masa zai ga ya sauko." Sannan ta tuna min cewa tun zama na uku da na fara jin dama-dama na koma tafiyar ƙafa ta minti ashirin da yamma, na kuma fara motsa jikin da ta shekara tana roƙona in yi ina ce mata ciwo ba zai bar ni ba. Nace to ai allurar ce ta ba ni damar farawa. Tace wannan kam ba za ta musa ba, kuma ba za ta iya tabbatarwa ba, mutum ɗaya ba bincike ba ne.

Matar ta so in ci gaba da zuwa sau ɗaya a sati har wata uku, nace a'a na gode, goma muka yi alkawari. Da lambar ba ta motsa ba zuwa zama na biyar ko shida dama na yi niyyar tsayawa. Moksar ce ban yi kewarta ba ko kaɗan, na sayi robar ruwan zafi ina ɗorawa da dare, ba hayaƙi ba toka.

Yanzu wata bakwai ke nan da zaman ƙarshe. Ina tsakanin 3 da 4 yawancin kwanaki, wata biyu da suka wuce na yi doguwar tafiya a mota ya tashi zuwa 7 na kwana huɗu, na ɗauko lambar matar na kalla, sai na ce bari in ba shi sati ɗaya ina tafiyata ina gashina in gani. Ya sauka da kansa a kwana na shida. Lambar tata dai ban goge ba, in ya sake tashi ya ƙi sauka zan koma a yi min wasu goman, sai dai wannan karon zan ce mata ta bar layitar a aljihu. Littafin ma yana nan gefen gado, yau da safe 3 na rubuta.